Gwajin Idon Baba Labbo da Cinyar Akuya

Ku samarin da kuke zuwa ranar Talata ku cika mini benci, kuna shan inuwar rumfata kuna latsa waya, ina jin abin da kuke faɗa in na juya baya. Wai sana'ar Garba ai ba sana'a ba ce, tire ne da tabarau, mutum ya zo ya ɗauka ya gwada, in ya yi masa ya tafi. Ɗayanku har cewa ya yi in aka ba shi sati ɗaya zai kore ni daga Mafara. Tunda ba ku sauraron baki sai abin da ke rubuce, ga shi na rubuta muku. Shekara ashirin da shida ke nan ina ɗora wa mutane gilashi a hanci, daga nan har Bakura da Maradun, kuma hancin da na taɓa, in aka jera su, sai su kai Gusau su dawo. Ba zan ba ku labarinsu duka ba. Hanci ɗaya ya isa, amma sai kun bari na biyo ta hanya.

Aikina na farko a wannan sana'a goge gilashi ne. Mahaifina ya kai ni Gusau wurin wani Ibo da ake kira Oga Sande, wanda ya daɗe yana aiki a asibitin ido kafin ya buɗe shagonsa. Wata shida ban taɓa fuskar mutum ba. Akwai akwatin gwaji na katako, cikinsa an shimfiɗa jan ƙyalle, gilasai zagayayyu sun fi ɗari biyu a jere, kowanne da raminsa, da lambarsa a ɗan kunnensa. Masu jan baki na wanda ba ya ganin nesa ne, masu baƙin baki na wanda zura zare a allura ya gagara. Akwai wasu masu ɗan zane a gefe, waɗanda ake juyawa a hankali, na idon da ƙwayarsa ba ta zagaye daidai ba. Sai firam ɗin gwaji, na ƙarfe, mai nauyi, da ƙusoshi da lambobi kewaye da shi, wanda in ka sa wa mutum sai ya koma kamar mujiyar da ta yi boko. Kullum da safe in fito da gilasan ɗaya bayan ɗaya, in goge, in mayar. Ranar da na sa lamba biyu a ramin biyu da kwata, Oga ya yi mini faɗan da sai da masu facin taya na ƙetaren titi suka zo ba shi haƙuri. Da na cika shekara uku zai sallame ni, ya ba ni tsohon akwatinsa, ya kafa mini doka ɗaya: gilashin gwaji ba ya kwana a waje, ko gwamna ne ya roƙa.

A shagon nan na samo sunan da kuke kirana da shi. Oga in ya sa wa mutum firam, sai ya zura gilashi, ya zare, ya zura wani, ya ce, "Beta?" Kalmar Turanci ce, yana nufin ko wannan ya fi na baya. A yini sai ya faɗe ta sau dubu. Na dawo gida da ita a baki, ina faɗa wa mai shayi, ina faɗa wa jaki, kafin shekara ta zagayo na zama Garba Beta, har a katin ɗaurin aurena haka aka buga.

Na ji kalmar nan a bakuna iri-iri. Oga sare ta yake yi gajere, kamar ana buga ƙusa. Wani likita Ba'indiye da ya zo aikin yanar ido na sati biyu, na yi masa tafinta, shi naɗe harshe yake yi ya ƙara mata ra mai kaɗawa a ƙarshe, kansa yana rawa, har ka rasa ko tambaya yake ko amsa. Ku kuma da kuka koya a waya kun narkar da tsakiyarta, kuna fitar da ita ta hanci kamar masu mura. Wani malamin Turanci da ke koyarwa a Kaya ya zo in auna shi, aikin minti ashirin, ya riƙe ni awa biyu a kanta. Ya ce duk daidai ne, Turawan ma ba su shirya a tsakaninsu ba, na Ingila sun haɗiye ra ɗin, na Amurka suna taunarta. Ya ce kalmar 'yar riƙo ce. A ƙa'ida kalmarsu ta abu mai kyau, wato gud, ita ya kamata ta haifi mai nuna fifiko, amma ba ta haifa ba, sai ta ɗauko wannan daga wani tsohon gida. Uwarta ta asali wata kalma ce mai nufin amfani ko gyaran abin da ya lalace, ta rasu tun kafin Bature ya san hanyar ƙasarmu, ta bar 'ya a hannun mutane. Har Jamusawa, in ji shi, suna da 'yar'uwarta. Kuma Bature da ita yake cewa abu ya fi abu, da ita yake cewa majinyaci ya samu sauƙi, da ita yake cewa gara ka tashi kafin raina ya ɓaci. Na ce masa kayan da Bahaushe ke raba wa jakai uku ke nan suka ɗora wa ɗaya.

Abu ɗaya na riƙe a dogon karatunsa. Ya ce kalmar ba ta tsayawa ita kaɗai, sai da abu biyu, da kuma mutumin da zai faɗi wanne ya fi. Abu biyun suna cikin akwatina. Mutumin shi ne ke da wuyar samu a ƙasarmu, kuma ba ƙarya ce ta jawo haka ba, ladabi ne.

Wata tsohuwa a kasuwar Bakura ita ce ta farko da na auna ni kaɗai. Na zaunar da ita, na sa mata firam, na zura gilashi na tambaye ta ko ya fi. Ta ce alhamdu lillahi. Na canja, na tambaye ta ko da sauƙi. Ta ce da sauƙi ƙwarai, Allah ya yi mini albarka. Na sa mata mai ƙarfin da zai sa ka ga tururuwa kamar raƙumi, ta ce madalla. Na zare komai na bar firam ɗin wayam, ta ce kai wannan ya yi. Daga ƙarshe na zura baƙin murfin da muke rufe ido da shi, ido biyun duka, duhu sosai, ta ce to, shi ma ba laifi. A shagon Oga, in mutanensu suka zo, tun kafin ka zura gilashin sun fara ƙorafi, aikin sai ya yi sauri. Mu kuwa an raine mu ne a kan abu biyu: ba a kai ƙarar jiki, don Mai jikin yana ji, kuma ba a kushe wa wanda ya durƙusa yana yi maka hidima. Ku je ku gaida wanda aka ɗauko a amalanke, ku ce ya jiki, ku ji abin da zai ce. To wannan amsar ita ake ba ni a kan gilashi.

Shekaru na yi ina kewaye. Na koyi kallon gira, in ta tattare gilashin bai yi ba. Na koyi kallon wuya, in mutum ya ja kai baya ko ya tura gaba. Na koyi ƙiyasta shekaru daga furfura da haƙora kamar dillalin shanu, in ba mutum lambar da ta dace da tsaransa. Da wannan na ci abinci, kuma mafi yawa sun tafi suna gani. Har ranar da aka kawo mini Baba Labbo.

Baba Labbo mahauci ne a nan Mafara, gadon gidansu, kuma baffan mai ɗakina ne, shi ya ba ni aurenta. Kun san abin da wannan ke nufi. Shekara ashirin ina cire takalmi tun daga bakin lungunsu, in durƙusa in gaishe shi ina kallon ƙasa, shi kuma ya amsa yana kallon bango. Bai taɓa kiran sunana ba. In ya zama dole sai ya ce "Malam", kamar ana maganar wani da ke Sakkwato. Abin da aka san shi da shi shi ne watanda. Duk jajiberen ƙaramar sallah mutanen Ruwan Gizo suna haɗa hannu su sayi sa, kuma tun yana saurayi shi suke aiko wa ya je ya yanka ya kasa. Ba ya amfani da sikeli. Zai kasa nama kashi talatin ko fi, kowane kashi da tsokarsa, da ƙashinsa, da kitsensa, da ɗan yankin hanta da tumbi, kuma ba a taɓa jin gida biyu sun yi musu ba. Mutanen garin suna cewa in Labbo ya kasa, ko makaho aka ce ya zaɓa bai yi asara ba.

Sai wata shekara kashin ya karkace. Wani gida ya samu kusan ƙashi zalla, wani ya samu hanta biyu. Babu wanda ya yi magana a gabansa, amma mata sun yi a bakin rijiya, kuma abin da aka faɗa a bakin rijiya ba ya kwana bai isa zauren mai gari ba. Dattawan suka kira ɗansa Haliru a gefe, suka ce masa tsoho ya yi ƙoƙari, amma in baɗi abin ya maimaita, za su kawo sikeli su ba wani yaro wuƙar. Haliru bai faɗa wa uban haka ba. Ya dai lallaɓa shi ya kawo shi rumfata.

Ku yi tunanin gwajin nan. Ni ina durƙushe ina kallon ƙasa, shi yana zaune yana kallon buhun da na yi rufi da shi, ga firam ɗin mujiya a tsakaninmu, kuma dole in taɓa kunnen surukina da hannuna. Na zura na farko, na tambaya da ladabi. Ya ce wa Haliru, ba ni ba, a gaya wa Malam ya yi kyau. Na zura na biyu, ya ce a gaya wa Malam Allah shi yi albarka. A na huɗu ya fara laluben takalminsa. Ban iya kallon girarsa ba balle in karanta ta. Na dubi furfurarsa ta gefen ido, na ɗauko lamba uku daga tire, ido biyun iri ɗaya, na miƙa da hannu biyu. Ya karɓa ya sa, ya yi addu'a mai tsawo, ya tafi.

Wata shida ina ganinsa yana wucewa ta gaban rumfata da tabarau ɗin a fuska, ina jin daɗi ina nuna wa maƙwabta. Na lura dai yana ɗaga ƙafa sama sosai in yana tafiya, kamar mai tsallaka ruwan fadama, amma na ɗauka tsufa ne. Mai ɗakina ce ta fasa mini ƙwan, ranar da ta dawo daga suna a gidansu. Ta ce Baba a aljihu yake ajiye tabarau ɗin. In ya iso kwanar masu gyaran babur sai ya tsaya ya sa, ya wuce rumfata da su, in ya sha ɗaya kwanar ya cire. A ɗan tsakanin nan ya faɗa kwalbati sau biyu, ya gaida turken wuta sau ɗaya, kuma duk ranar kasuwa da ciwon kai yake komawa gida. Ya hana kowa ya gaya mini, wai kada Malam ya ji kunya.

Wannan ya faɗo ne a muguwar shekarar nan da aka rufe kasuwannin mako saboda 'yan bindiga. Ku da yawanku kuna tunawa, har waya aka kashe, kuka koma kallon fuskar juna kamar mutanen da. Ni kasuwa ita ce gonata. Babu Bakura, babu Maradun, mutanen Faru da na saba gani duk sati ban san ko suna raye ba sai in wani ya shigo a ƙafa ya ba da labari. Gilashin da ake yanka wa mutum daidai idonsa daga Kano nake aikawa a yo mini, direban da ke kai mini takarda kuwa ya jingine motarsa ya koma noman rani. Na zauna a ƙofar gida ina ɗaure karyayyun firam da wayar kwano, ina narka roba da ashana. Na gyara wani tabarau sau bakwai har mai shi ya ce yanzu wayar ta fi tabarau ɗin yawa. Mahauta ma sun sha tasu, don ba a shigo da shanu, sai ɗan akuya nan da can. Amma Haliru ya ce mini kullum bayan asuba Baba sai ya fito da wuƙaƙensa ya wasa su duka, ya mayar a kube.

Azumi ya kama, ya kai ashirin. Haliru ya same ni ya ce mutanen Ruwan Gizo sun samu sa a cikin garinsu, watanda tana nan, kuma sun riga sun aro sikeli wurin wani mai shago. Sun ce za a bar tsoho ya kasa don girmansa, amma za a auna a gabansa. In bai yi daidai ba, shi ke nan. Haliru ya ce ya san ubansa, in aka karɓi wuƙar nan a gaban jama'a ba zai ƙara fita ƙofar gida ba. Saura kwana tara.

Washegari na je gaishe shi, ban san me zan ce ba. Ina cire takalmi a bakin zaure sai na ji murya daga ciki, wata murya da ban taɓa sanin Baba yana da ita ba. Haliru ya feɗe akuya, tsohon yana shafa naman da hannu yana zazzaga masa faɗa. Wai wannan fiɗa ce ko kura ce ta fara ci ta bari, wai ya bar rabin tsoka a jikin fata, wai in haka zai yi gara ya koma sayar da rake. Na tsaya da takalmi ɗaya a hannu. Mutumin da ya gwammace ya faɗa kwalbati da ya ce gilashi bai yi ba, ga shi yana yi wa cinyar akuya shari'a ba sassauci. Jikinsa ne ba ya kai ƙara, hidimar da aka yi masa ce ba ya kushewa. Nama kuwa ba surukinsa ba ne. Na mayar da takalmina na juya ban gaishe shi ba.

Na sayi cinya ɗaya na kai gida, na karɓi wuƙar yankan albasa wurin mai ɗakina, na yanka da kaina. Ban yi ƙoƙarin ɓatawa ba, iyakar iyawata na yi, kuma hakan ya wadatar. Da hantsi na ɗauki akwati da faranti na koma. Na riga na shirya da Haliru. Ya ce wa tsohon wani baƙo ne ya aiko da nama yana so a duba masa ko an cuce shi, kuma Malam ya zo ya ɗan daidaita ƙarfen tabarau, ba zai dame shi da tambaya ba. Muka ajiye farantin a kan turmi daidai nisan hannunsa, Haliru ya ce kada ya taɓa, mai naman yana da ƙyanƙyami. Na sa masa firam, na rufe idon hagu, na zura gilashi.

Ya ce nama ne, Allah shi sa albarka. Na canja. Ya ce akuya ce. Na canja. Ya ce tsohuwar akuya ce, ta haihu ya kai biyar. Na ƙara rabin lamba, ya sunkuya. Sai na ɗauko mai zanen nan na gefe na zura a gaba na fara juyawa a hankali.

"Haliru," in ji shi, "wa yay yi wanga aiki?"

Na ƙara juyawa kaɗan.

"Diba jijiya nan an bar ta kwance cikin tsoka. Diba inda anka sare ƙashi, an zuba tsattsage cikin nama, yara su haɗiye. Wanga da wuƙa anka yanke shi ko da murfin gwangwani?"

Na juya gilashin ya wuce wurin, faɗan ya fara sanyi, ya koma cewa to, kowa da iyawarsa. Na dawo baya, faɗan ya taso. Haka na yi ta murɗa shi kamar mai neman tasha a rediyo, inda zagin ya fi fitowa tar, nan na tsaya na ɗaure ƙusa. Na koma idon hagu muka sake daga farko. Ashe idanun nasa ba su taɓa zama tsara ba, ɗaya yana neman biyu da rabi, ɗaya kusan huɗu, ga karkata a na dama. Lamba ukun da na ba shi ba ta yi wa ko ɗaya ba. Da na buɗe masa duka biyun, sai da ya gano gashin akuya guda biyu a gefen farantin, ya ce wanda ya yi wannan yanka bai kamata a bar shi shi kaɗai da ɗan tsako ba. Sannan ya ce lallai a faɗa masa sunan mahaucin, ya san ubansa.

Haliru ya kifa kai a gwiwa, kafaɗunsa suna rawa don dariya. Na ce, "Ni ne, Baba."

Baba Labbo ya mayar da fuska ga bango, da mujiyata a hancinsa, ya ce a gaya wa Malam yankan ya yi kyau, alhamdu lillahi.

Tun daga ranar na daina tambayar dattawa komai. Ku da kuke cewa tire ne kawai, ku leƙa ƙarƙashin teburina. Akwai kwanon shinkafa da na zuba wa tsakuwa, na tsofaffin mata, in gilashi ya yi sai ka ji ana tambayar wace ƙazama ce ta tsince wannan. Akwai hular da na sa aka yi wa ɗinki a karkace, ta teloli. Akwai shafin da wani ɗan makaranta ya rubuta da hannun hagu, na malamai. Mutum ba zai ce maka idonsa bai gani ba, amma ba zai iya ganin an ɓata sana'arsa ya yi shiru ba.

Saura matsala ɗaya. Na san lambar Baba, amma ba hanyar Kano, kuma irin gilashinsa ba ya cikin tire. Abin da ke duniya da zai sa ya gani shi ne abin da ke hancinsa a lokacin, gilasan gwaji uku da firam ɗin ƙarfe, kuma in suka tafi ba ni da abin auna kowa. Na tuna dokar Oga Sande. Na ce a raina Oga gwamna ya ambata, bai ambaci suruki ba. Na ɗaure ƙusoshin tamau, na zagaye gilasan da zaren lilo don kada su juya, na sa igiya ta bayan kai, na ce wa Haliru in sun fashe kada ya dawo garin nan.

Ranar jajibere muka hau babura uku muka tafi Ruwan Gizo da sassafe. An kayar da san a gindin wata tsamiya, an feɗe, an shimfiɗa buhuna. Ga sikelin mai shago an ɗora a kan benci, an goge shi yana ƙyalli, kusa da shi wani dattijo, Alhaji Mamman, wanda gidansa ne ya samu ƙashi bara, kuma shi ya fi matsawa a auna. Da Baba ya fito da firam ɗin ya ɗaura, mutane suka ja baya. Wata mata ta ce wa 'yar'uwarta an yi wa Labbo aiki a Indiya. Bai kula kowa ba. Ya zauna a kan gungume, ya ja wuƙa, ya fara. Ban taɓa tsayawa na kalle shi yana aiki ba sai ranar. Ba ya sauri. Ya yanka, ya ɗaga, ya duba, ya jefa, naman ya faɗa kan kashin da yake so ba tare da ya waiwaya ba. In ya zagaye sau ɗaya da tsoka, sai ya zagaye da ƙashi, sai kitse, sai kayan ciki. Kashi talatin da huɗu. Da ya gama ya tashi ya bi layin yana dubawa, ya ɗauke ɗan yanki daga nan ya ajiye can, sau biyu ko uku. Sannan ya goge wuƙar, ya ce wa Alhaji Mamman bismilla, tunda an wahala an aro abu, a yi amfani da shi.

Aka ɗora na farko, allurar ta tsaya. Aka ɗora na biyu, ta koma wurin. Na uku, na huɗu, kamar an kafe ta da ƙusa. A na bakwai ta wuce da ɗan yatsa. Alhaji Mamman ya gyara murya, ya dubi jama'a, ya ce to, ga shi dai wannan ya fi.

"Ya fi nauyi," in ji Baba. "Juya shi ka gani. Nan ƙashin gwiwa yaf faɗa, shi na da nauyi, ba a cin shi. In na bar shi daidai da sauran, mai gidan ya ci ƙashi ke nan, shi ya sa na ƙara mai tsoka. Sikelinku ya san ƙashi?"

Alhaji Mamman ya juya kashin da kansa, ya ga gwiwar, ya daɗe yana kallonta. Sai ya ce a sauke, a mayar wa mai shago abinsa kafin jini ya ɓata masa, kuma wannan na bakwai ɗin shi yake so. Dattawan suka ce wa Haliru baɗi ma a kawo tsoho da wuri, kada rana ta yi.

Ana ta ɗaukar kashi, Baba ya jawo rabonsa na mahauci, ya zaɓi wuri mai kyau a tozo ya yanke. Ina gefe ina jiran in karɓi kayana. Sai ya juyo, ya dube ni ta cikin gilasan nan, ido cikin ido, karo na farko tun ranar da ya ba ni aure. Ya daɗe yana dubana, daga hula har takalmi. Sannan ya miƙa wa Haliru naman.

"Ka kai ma Garba har gida," ya ce. "Ka yanka mai shi ƙanana tun nan. Kar a ba shi wuƙa."